Kwalejin Shanu

A ɗakin Malam Barau na Ruwan Godiya akwai wata adakar ƙarfe shuɗiya, mai zanen furanni a murfi, wadda ba a taɓa saka ko allura a cikinta ba. Daga Funtuwa ya sayo ta, shekarar da ɗansa Nata'ala ke ajin ƙarshe a makarantar Midil, don kowa ya ce yaron nan babbar kwalejin Zariya za shi, inda ake ƙera manyan malamai da akawuna. Tsoho da kansa ya ɗauko ta a ka tun daga bakin hanyar mota, ya ratsa tsakiyar gari da ita, yana amsa barka. Sai sakamako ya fito, babu sunan Nata'ala.

Da ma tsohon ya yi faɗa, ai da an huta. Ina! Ya tura adakar ƙuryar ɗaki, ya ɗora buzun sallarsa a kai, shi ke nan. Nata'ala kuwa aka tura shi wata 'yar makarantar koyon noma can bayan Daudawa. Makarantar me? Ɗakin karatu guda na jinka, sito guda, sai garken shanun huɗa. Ɗalibai sha biyu, bijimai ashirin, shi ya sa 'yan tsokana suka raɗa mata suna kwalejin shanu. In aka tambayi Malam Barau ina yaronsa yake karatu, sai ya ce, "Yana can wajen Daudawa," ya yi maza ya koma zancen ruwan sama. Wannan amsa ta fi mari yi wa Nata'ala zafi, kuma shekara bakwai yana jin ta.

To, a damina ta 1955 takarda ta zo daga Katsina. En'e na son malamin gona guda ɗaya tak da za a tabbatar wa ƙasar Faskari, ga shi mutum biyu ke riƙon aikin na wucin gadi. Ɗaya Nata'ala. Ɗayan Almu, ɗan Ƙanƙara, abokin ajinsa a Midil, wanda shi ya ci jarrabawar ya tafi Zariya, ya dawo da takardar shaida mai hatimi da Turanci kamar ruwa. Wanda bai samu ba zai koma gonar gwaji ya yi helman leburori. Kowa ya ji labarin sai ya ce, "Allah sarki Nata'ala," kamar mai yin ta'aziyya.

Baturen gona, wanda ake kira Mai Lofe saboda lofensa ba ya rabuwa da bakinsa, shi bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya kira su ofis su biyu, ya nuna musu buhunan angurya, wato irin auduga, sabon iri da ake so manoma su karɓa. Ya ce Almu ya ɗauki Yankara, Nata'ala ya ɗauki ƙauyukan Maguzawa da ke bayan Ruwan Godiya. Dole a gama shuka kafin watan Yuni ya ƙare, don audugar da aka makara ba ta yin abin kirki. In Satumba ta yi zai zagayo ya gani da idonsa.

Da suka fito Nata'ala ya tsaya yana satar kallon yadda Almu ke shiri. Kaki mai guga, takalmi sau-ciki, littafi a hammata, fensir a bayan kunne. Almu ya kwafi sunayen masu gida kaf daga wurin malamin dagaci, ya ja layi da rula, kowane maigida da mudun da za a ba shi. Kai, abin gwanin sha'awa! Nata'ala ya ce a ransa, ashe haka masu ilimi ke yi. Ya je ya ari takalmi wurin wani malamin asibiti, takalmin ya matse shi amma ya daure, shi ma ya ja layinsa da rula.

Ran Talata da hantsi ya isa Gidan Ɗanhausa, ɗaya daga ƙauyukan Maguzawan, da jakuna uku. Sarkin Noma Ɗanhausa, wani dogon tsoho mai warki da furfura har ƙirji, ya tara masa magidanta a gindin ɗorawa. Nata'ala ya miƙe tsaye a gabansu, su suna zaune, ya buɗe littafi. Ya yi musu karatun tazarar kunya da zurfin rami, har da jefa kalmar Turanci nan da can don a san ba banza ba. Ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙo ƙwarya aka auna masa.

"Akwai mai tambaya?" in ji shi.

"Babu, Malam. Madalla, mun gode," in ji Sarkin Noma.

Ya hau kekensa yana jin kansa a sama. Gidan ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Kulu, yana nan cikin unguwar, taku kaɗan, don marigayiya uwarsa 'yar nan ce kafin ta musulunta ta auri Malam Barau. Amma bai leƙa ba. Wai malamin gwamnati ba ya yawon gaishe-gaishe a bakin aiki. Ka ji fa!

Kwana goma aka yi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ran na sha ɗaya ya koma ganin tsiro. Ya zagaya gonakin gandu tun daga bakin rafi har gindin dutse: dawa ta yi kore shar, gero ya yi, ana ta noman firi, wato noman farko. Auduga kuwa ko ƙwara. Ya nufi gidan Sarkin Noma da sauri, yana shiga garka sai ga wani ƙaton bijimin kiwo a turke, ya sa baki cikin akushi yana tauna a natse. Nata'ala ya leƙa akushin. Angurya ce, sabon irin da aka ɗauko tun daga Katsina.

"Baba! Baba Sarkin Noma! Mene ne wannan?"

Tsoho ya fito yana kaɗe hannu. "A'a, Malam ne? Sannu da zuwa. Ai guryar nan taku akwai mai, dubi yadda ya murje."

"Na shuka na ba ku, Baba! Na shuka!"

"To in shuka ta ina? Ni gandu gare ni. Baki talatin da huɗu ka ci daga rumbuna. In cire dawa in sa auduga, su ci mi da bazara, zare?"

"To don me ba ku faɗa mini ba ran nan?"

"Ka tambaye mu? Kai ka zo da takarda kana karatu. Mu kuwa ba mu katse malami."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da Nata'ala ya shige. Ya juya zai tafi, ƙafa ta ƙi, don takalmin aro ya riga ya sale masa dunduniya. Ya ɗingisa zuwa gindin wata tsamiya ya zauna, ya ga kansa ƙiri-ƙiri yana kiran sunayen leburori da asuba har tsufa, adaka kuma tana can ƙarƙashin buzu.

A nan Inna Kulu ta same shi, ta dawo daga gona da fartanya a kafaɗa. Gajeriyar mace ce mai baki kamar reza, ba ta raga wa kowa. Ta tsaya ta ƙare masa kallo daga hula har ƙasa.

"Wa nike gani haka? Malam Takalmi! Ashe kana gane hanyar garinmu."

"Ina wuni, Inna."

"Da ban wuni ba ka gan ni? Ran nan ka wuce ƙofata kamar an ce maka akwai kuturu ciki. Cire wanga abu daga ƙafarka, ɗan nan, kafin shi kashe ka. Zanen aro ba ya rufe katara."

Ya cire. Ta zauna kusa da shi, ta miƙa masa goran ruwa, sannan ta ci gaba.

"Ni dai tambaya guda zan yi maka. Audugar da uwarka ta kaɗa aka saƙa maka rigar da ka tafi makaranta da ita, a gonar wa ta fito? Ta ubanka?"

Nata'ala ya ce, "A gayaunarta."

"Af! Ashe ka sani."

Ya sani mana. Wa ya kai shi sani? A ƙasar nan gonar gandu ta maigida ce, ta abinci ce, kowa na gida yana yi mata aiki daga safe har rana ta karkata. Gayauna kuwa ɗan fegi ne da ake yankar wa kowace mace da kowane saurayi, su yi abin da suka ga dama da shi da yamma. A nan ake auduga, a nan ake gyaɗa da barkono. Shi kansa yana ƙarami ya sha bin uwarsa gayauna da la'asar yana jefa mata iri a rami. Amma sunan mace ba ya cikin littafin malamin dagaci, na saurayin da ke ƙarƙashin ubansa ma haka, shi ya sa ba su shiga nasa layin ba. Ya bi takarda ya bai wa waɗanda ba su shuka auduga, ya tsallake masu shukawa.

"Inna, in na samo wani irin, za ku shuka?"

"Da wane hannu? Yanzu firi ake. Kafin a sallame mu daga gandu mun yi laushi, ga surfe, ga tuwo. Wa zai yi mana huɗa? Da ka zo mana tun farkon ruwa da wata magana ce."

"Huɗa ce kaɗai matsalar?"

"Ita ce babba."

Nata'ala ya miƙe, takalmi a hannu. Abu guda da ya iya a duniya fiye da kowa a ƙasar Faskari shi ne wanda yake jin kunyar a ce ya iya. Ya ce, "Inna, ki gaya wa mata jibi da la'asar kowace ta tsaya a bakin gayaunarta."

Sai dai saura iri. Rabin abin da ya raba ya riga ya zama kitse a jikin shanu, sito kuma an kwashe. Mutum ɗaya ne zai iya samun ragowa, shi ne Almu. Washegari ya taka keke zuwa Yankara, ranar kasuwa, yana tafe yana tsara yadda zai roƙa ba tare da ya tona kansa ba. Ya tarar da Almu zaune a rumfar dagaci, ya zabga tagumi, buhu shida jingine a bayansa ba a ko kwance bakinsu ba.

"Nata'ala, sun ƙi zuwa karɓa," in ji Almu. "Sau uku ina sa a yi shela. Kowa ya ce sai ya gama firi. In an gama firi ai Yuni ta wuce."

Nata'ala ya faɗi abin da ya kawo shi, har da labarin bijimi, don ƙarya ta ƙi fitowa. Almu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Ɗauki uku. Da su ruɓe a nan gara su shiga ƙasa." Bai tambayi komai ba, bai gindaya sharaɗi ba.

Aka ɗaura buhuna a jaki. Nata'ala ya kama hanya, ya kai bakin kasuwa, sai ya tsaya. Zuciya ɗaya ta ce, kai wawa, wuce abinka, shi yana da hatimin Zariya, kai wannan dabarar ce kaɗai taka. Ɗayar ta ce, mutumin da ya ba ka iri? Ya daɗe a tsaye har mai jaki ya fara tsaki. Ya juya ya koma rumfa.

"Almu, rabu da masu gida. Nemi sarkin samari. Kowane saurayi a garin nan yana da gayauna, kuma kowannensu aure yake so da kaka. Su za ka ba."

Almu ya dube shi. "Ka san abin da kake yi kuwa? Kujera ɗaya ce fa."

"Na sani. Tashi ka nemo shi kafin kasuwa ta watse."

Kafin su rabu Almu ya nuna masa wani abu da aka koya musu a Zariya: a ƙirga ƙwara ɗari a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma kwana uku, a ga nawa za su tsira, don a san ko ƙwara nawa za a jefa a rami. Nata'ala bai taɓa ji ba, kuma ya yi masa amfani, don buhu ɗaya ya sha danshi, sai da aka ninka.

Ranar da aka yi alkawari, la'asar sakaliya, mutanen Gidan Ɗanhausa suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Malamin gwamnati, ba kaki ba hula, wando naɗe har gwiwa, ƙafa ba takalmi, yana tafe bayan bijimai biyu da ya aro daga tsohuwar makarantarsa, Dogo da Gajere, waɗanda shi ya hore su tun suna maruƙa. Ya ɗaura musu karkiya, ya kafa garma a gayaunar Inna Kulu, ya yi musu magana ƙasa-ƙasa, suka ja. Ƙasa ta dinga kifewa baƙa wuluk, kunya miƙe kamar an ja zare. Fegin da zai ci mace kwana huɗu, kafin a ce kwabo an gama shi. Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Daga nan fa sai rububi. "Malam, tawa!" "A'a, ni na riga ki, Asibi, tun azahar nike tsaye!" Inna Kulu ta naɗa kanta sarauniyar layi, tana riƙe da ƙwaryar iri, tana zagin duk wadda ta jefa fiye da ƙima. Samari suka ga mata za su fi su, suka zo su ma. Kwana tara Nata'ala yana huɗa daga la'asar har rana ta faɗi, da safe kuma ya tafi ƙauyukan gaba. Hannunsa ya yi kanta, wuyansa ya ƙone. A rana ta shida Sarkin Noma da kansa ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe kai manomi ne. To mi ya kai ka karatu ran nan?" Ya sa aka kawo wa Dogo da Gajere harawa, da sauran anguryar da bijiminsa bai kai ga cinyewa ba.

Satumba ta zo. Mai Lofe ya fara da Yankara, inda ya tarar da auduga mai kyau a gonakin samari, ga taswira da Almu ya zana, kowace gona da awonta. Sannan suka wuce Gidan Ɗanhausa su uku. A nan babu wata babbar gona da za a nuna wa baƙo. Fegi ne nan, fegi can, bayan gida, gefen rafi, tsakanin duwatsu, sun fi sittin, kowanne ya yi fure ruwan ɗorawa, kowanne da mai shi tsaye a baki tana jira a yaba. Bature ya yi ta tafiya har lofensa ya mutu bai lura ba.

Ya dubi littafin Nata'ala, ya ce cikin Hausarsa ta 'yan koyo, "Waɗannan sunaye ba su cikin lissafin dagaci."

"Ba su ciki, ranka ya daɗe. Na farkon kuskure na yi, shanu suka cinye rabi. Waɗannan su ne masu shukawa."

Almu ya matso. "Ranka ya daɗe, abin da ka gani a Yankara ma shi ya nuna mini. Ba don shi ba, da buhunan suna nan jingine."

Bature ya cire lofe daga baki, ya dubi Nata'ala. "A ina ka koyi wannan?"

Shekara bakwai Nata'ala yana kauce wa tambayar nan, yana cewa wajen Daudawa, kamar yadda ubansa ke cewa. Ya ji sunan makarantar ya taso masa, ya ji tsohuwar kunyar ta biyo shi. Ya dubi Inna Kulu, ta harare shi.

"Garma a kwalejin shanu, ranka ya daɗe. Sauran a gayaunar uwata."

Bayan mako uku takarda ta zo. An tabbatar da Nata'ala malamin gona na ƙasar Faskari. Almu kuwa ba a kai shi helma ba, Mai Lofe ya ce wanda ya iya taswira haka asara ne a bar shi, ya tafi da shi ofishin Katsina. Nata'ala ya karanta wa ubansa takardar a zaure, sau biyu. Malam Barau ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tashi ya shiga gida. Ko kallonsa bai yi ba. Nata'ala ya ji ransa ya sosu, ya ce wa kansa to, ba Zariya ba ce, me kake jira?

Ranar tafiya Faskari kama aiki da safe ya ƙulle 'yan kayansa a buhu, ya je sallama. Ya tarar da tsohon tsugune a tsakar gida, adaka a gabansa, yana goge ta da tsumma da man gyaɗa. Inda buzu ya rufe shuɗin na nan sabo fil, gefe-gefe kuwa ya yi tsatsa.

"Juye kayanka nan," in ji Malam Barau. "Malamin gona ba ya tafiya da buhu."

Nata'ala ya juye. Ya sunkuya zai ɗauka, tsoho ya buge masa hannu.

"Ni na kawo ta, ni zan fitar da ita."

"Baba, da nauyi fa."

"Da ba komai cikinta ta fi nauyi. Aza mini."

Ya aza masa. Malam Barau bai bi ta bayan gari ba, inda ya fi kusa. Tsakiyar gari ya ratsa, ta gaban masallaci, ta rumfar mahauta, hanyar da ya bi da ita da farko. Liman na zaune a dakali da mutane, ya ɗaga murya ya ce, "Malam Barau, ina zuwa da kaya haka?"

Tsoho ya tsaya cak, adaka a ka, ya amsa yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Ɗana zan raka, Malam Nata'ala. Shi ne malamin gona na ƙasar nan duka. A kwalejin shanu ya yi karatu, ta bayan Daudawa."

Nata'ala yana biye da shi riƙe da keke, hawaye na zuba, bai ko share ba. Suka ci gaba har bakin hanyar mota, tsohon bai yarda an karɓe shi ba.